Muryar Neda a Kan Bishiyar Ceri

A ƙauyenmu, da zarar watan Yuni ya kama, ceri, 'yan ƙananan 'ya'yan itacen nan masu zaƙi, ya fara ja, to sai kowa ya haukace. Tsuntsaye kan sauko daga tudu garke-garke, kuma ni ban yarda yunwa ce ke kawo su ba, mugunta ce kawai: su caki wannan su bari, su caki wancan su bari. Da can gwangwani muke ratayewa da tsummokara. Da faifan CD ya zo ya gama yayinsa, sai muka gano ainihin amfaninsa. A zura zare a ramin tsakiyarsa, a ɗaure a reshe, iska ta juya shi, rana ta haska shi, tsuntsu ya ga walƙiya ya canza shawara. A wannan watan, duk gidan da ka shiga da wuya ka tarar da faifai ko ɗaya a cikin ɗaki.

Velko, tsohon direban bas mai shekara sittin da takwas, yana da bishiya goma sha huɗu a bayan gida, kuma yana ji da su fiye da yadda yake ji da gwiwoyinsa. Ranar Asabar ya hau kujera ya sauko da wani kwalin takalmi daga saman kabad, ya tarar da shi cike da faifai. Bai sa tabarau ba, don a ganinsa rataye faifai ba karatun jarida ba ne. Ya kwashe su kaf, har da wani da ke can ƙasa naɗe cikin hankici, ya ma yi tsaki ya ce mata dai ba sa rabo da naɗe-naɗe. Kafin azahar gonar tana ta walƙiya, shi kuma yana tsaye yana yaba kansa.

Ranar Alhamis da safe, saura kwana uku bikin autarsu Ralitsa, yana zaune yana shan kofi, matarsa Neda ta dafa kafaɗarsa ta sunkuyo dab da kunnensa, don haka take magana yanzu.

"Tsoho, sauko min da faifaina daga kwalin nan. Yana cikin hankici."

Velko ya ajiye kofin da sauri.

Shekara talatin babu amaryar da aka fitar daga gidan ubanta a ƙauyen nan ba tare da Neda ta tsaya a bakin ƙofa ta rera mata waƙar fita ba. Murya ce da in ta ɗaga ta, masu gonar ƙetaren rafi kan ajiye fartanya su saurara. Shekara bakwai da suka wuce aka yi mata aiki a wuya. Likitoci suka ceci ranta, muryar kuwa ta tafi, sai raɗa mai kaushi ta rage, wadda in tukunya na tafasa ma ba ka ji. Abin da ya saura na waccan murya shi ne faifai guda ɗaya tal, wanda wani malamin kiɗa ya ɗauka a zauren taron ƙauye a 1999. Waƙoƙi shida ne a ciki, ta huɗu ita ce waƙar fita. Tun da aka sa ranar biki Neda ta ce ta fitar da 'ya'yan kowa, tata kuwa faifai ne zai fitar mata da ita. Ta faɗa tana murmushi, amma Velko ya san irin ciwon da abin yake mata.

"Af, wannan?" in ji shi, yana kallon cikin kofi. "Ai na riga na ɗauka. Gari zan kai shi a juye waƙar a kwamfuta. Kin san na'urorin yaran yanzu ba su da wurin sa faifai."

Neda ta dube shi. Sannan ta shafa masa sanƙo ta koma kan ƙullun burodin biki.

Ya fita ta ƙofar baya da sauri irin wanda bai yi ba tun yana soja. Ya leƙa ta kan shinge ya kira maƙwabcinsa Spas, wani ƙaton mutum da bai taɓa jin wata matsala a duniya da ba shi da maganinta ba.

"Ɗauko tsaninka ka zo, kuma ka rufe bakinka."

"Me ya faru? Amarya ta gudu?"

"Na rataye Neda a bishiya."

Spas ya saki tiyon da yake ba tumatir ruwa. Da ya fahimci zancen sai ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har yana dukan cinya, Velko yana roƙonsa ya rage murya don tagar kicin a buɗe take.

Faifai arba'in da uku ne a kan bishiya goma sha huɗu. Velko yana sama da tabarau a hanci, Spas yana ƙasa yana riƙe tsani da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana aika ceri baki. Suka sauko da na koyon Turanci, da na lissafin makarantar Ralitsa, da wani na motsa jiki da babu wanda ya amsa nasa ne. Rana ta yi sama, rigar Velko ta jiƙe sharkaf. Sai a bishiya ta goma sha ɗaya, babbar nan ta kusa da rijiya, can cikin duhuwar ganye, ya ga wani yana lilo yana gogar reshe. A bayansa an rubuta da alƙalami mai shuɗin tawada: Neda, 1999.

"Ka lura?" in ji Spas, yana tofar da ƙwallo. "Duk gonar nan wannan bishiyar ce kaɗai tsuntsu bai taɓa ba. Ko a rataye tsoronta suke ji."

Velko bai yi dariya ba. Ya juya faifan a hannunsa. Kwana biyar yana gogar reshe da wayar da aka ɗaure reshen da ita, fuskarsa duk ta kakkarce, ga danƙon bishiya, ga kuma shaidar da wani tsuntsu marar kunya ya bari. Suka shiga tsohuwar motarsa suka rufe gilashi suka sa shi. Waƙa ta farko ta fito, ta biyu ma ta fito tana ɗingishi. Daga ta uku sai in'ina, kalma ɗaya ana ta maimaita ta, har na'urar ta gaji ta tofo shi waje.

"Ƙaramin abu," in ji Spas. "Makilin. Surukina a Jamus haka yake yi."

A nan ne Velko ya yi kuskure na biyu, kuma wannan da tabarau a idonsa ya yi shi. Suka ɓuya a rumbun Spas, suka matsa makilin, irin mai tsakuwa-tsakuwar nan da aka ce yana sa haƙori fari. Spas ya naɗe hannun riga ya kama goga da tawul, yana zagayawa, yana zagayawa, kamar mai wanke gindin tukunya. Da suka koma mota, na'urar ta haɗiye faifan, ta yi ɗan gurnani, ta mayar da shi. Ko waƙa ta farko ba ta ƙara fitowa ba.

"To, wataƙila makilin Jamus daban ne," in ji Spas.

Velko ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Tsoro ya kama shi na gaske, ba tsoron faɗa ba, don Neda ba ta da muryar faɗa. Tsoronsa shi ne ranar Lahadi ta tsaya a bakin ƙofa, 'yarta ta wuce ta gabanta, babu komai sai ƙarar takalma. Ya tuna da Veska, 'yar marigayi maƙerin ƙauye, wadda take da shago a garin Kyustendil. Ya ture Spas waje, ya cika akwati ɗaya da ceri, ya tayar da mota.

Shagon Veska yana wani lungu a bayan kasuwa. A da can nan ake hayar finafinai ana kwafar waƙoƙi, layi har waje. Yanzu rigunan waya take sayarwa tana yanka makullai. Mace ce mai shekara arba'in da biyar, gajera, mai jan gashi na rini, kuma tun tana yarinya take ce wa Velko Cico, kamar ƙanin ubanta ne, Neda kuma Lelya, wato gwaggo.

Ta karɓi faifan ta gefe da yatsu biyu, ta kai shi hanci ta shinshina.

"Cico Velko, wa ya yi masa wannan aikin?"

"Tsuntsaye."

"Tsuntsayen ƙauyenmu yanzu da makilin suke yawo?"

Sai ya gaya mata gaskiya, tun daga kwalin takalmi har rumbun Spas. Ta fara dariya, amma da ta juya faifan ta karanta sunan da ke baya, dariyar ta ɗauke. Ta je ta juya allon ƙofa ya koma "An rufe", ta sa sakata. Ta kori wata kyanwa daga kan wani abu da ke lulluɓe a ƙarƙashin kantar shagon, ta yaye ƙyallen. Wata na'ura ce kamar ƙaramar tukunyar shinkafa mai murfi, da ɗan tiyo na ruwa a gefe.

"Shekara huɗu ban kunna ta ba. Ka yi addu'a. Kuma ka zauna can, hannuwanka a aljihu."

Ta fara wanke faifan da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun kwano, tana shafawa da tafin yatsa har danƙon ya fita. Da ta zo tsanewa, Velko ya lura ba zagayawa take yi ba. Daga ramin tsakiya take jan ƙyallen zuwa baki, a miƙe, ta ɗaga, ta sake komawa tsakiya.

"Ka gani? Haka ake yi. Waƙa a cikin faifai kunya ce guda ɗaya, kamar ta garma, ta faro daga rami tana kewayawa har baki. Karcen da ya ratsa ta a gicciye, na'ura tana iya tsallake shi. Wanda ya bi ta a tsawonta kuwa, ya cinye ta. Ku kuma kun zauna ku biyu, gemai-gemai, kuna bin ta da tawul."

"Spas ne."

"Kai kuma kana riƙe masa fitila."

Ta ce Allah ya taimake shi da faifan yana cikin inuwar ganye, da ya yi wata ɗaya a rana da sai dai ya mai da shi madubin aske gemu. Sannan ta ɗaga shi saitin taga ta runtse ido ɗaya. Ta daɗe a haka. Ta kira shi ya zo ya duba. Wajen tsakiyar faifan akwai wani siririn layi lanƙwasasshe, bai fi yankan farce ba, kuma haske yana ratsowa ta cikinsa.

"Wannan ba a fuska yake ba, a baya yake," in ji ta. "Kowa fuskar yake lallaɓawa don tana ƙyalli, alhali ita gilashin taga ce kawai. Waƙar tana kwance ne a ƙarƙashin fentin baya, inda ake rubutu. Fuska ina iya karkare ta ta dawo sabuwa. Baya kuwa in ya huje, abin da ke wurin ya tafi."

"A wace waƙa ya faɗa?"

"Sai mun ji."

Ta kwantar da shi a na'urar, ta sa wani faifan soso mai ɗan kaushi, ta zuba ruwa, ta rufe. Na'urar ta yi tari sau biyu, sannan ta kama. Bayan minti uku ta ciro shi, ya yi fari fat kamar hazo ya rufe shi, Velko ya miƙe zumbur ya ce ta kashe shi. Ta ce ya zauna. Ta canza soso mai laushi, sannan wanda ya fi shi laushi, daga ƙarshe ta ɗiga wani farin mai ta sake rufewa. Da ta ciro shi a karo na huɗu, Velko ya ga fuskarsa a ciki, har da gashin hancinsa. Akwai sauran karce ɗaya mai zurfi da bai gama ɓacewa ba, ya ce ta ƙara zagaye ɗaya. Ta ƙi, ta ce kowane zagaye naman faifan yake ci, kuma ita ba Spas ba ce.

Sai aka koma kan kwamfuta. Ta sa ta karanta a hankali, duk inda ta yi tuntuɓe ta koma ta sake, ko sau nawa ne. Wasu ƙananan akwatuna suka riƙa cika allon ɗaya bayan ɗaya, kore, kore, kore. Veska ta fita ta sayo banitsa mai zafi, wata irin gurasa mai cuku a ciki, cukun yana tsiyaya ta takarda, suka ci da ceri a kan kantar shagon. Ta ba shi labarin ranar da aka fitar da ita.

"Sakarai na aura, Cico, kowa ya sani, shekara uku na tattara kayana. Amma fitar da Lelya Neda ta yi min, na rantse ko 'yar minista ba ta samu ba. Har shi sakaran ya yi kuka."

Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu, ta uku. Da aka shiga ta huɗu Velko ya daina tauna. Kore, kore, kore, sai ja. Kwamfutar ta tsaya a wurin tana ta ƙugi kusan rabin awa. Ja ɗin bai canza ba. Daga nan ta wuce, kore har ƙarshen faifan.

Veska ta kunna. Muryar Neda ta cika shagon, ƙarau, kamar yanzu ta shigo ta ƙofa. Shekara bakwai Velko bai yarda ya saurari faifan nan sosai ba, sai ga hawaye suna bin gashin bakinsa, bai ma damu ya share ba. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A na ƙarshe muryar ta ɗaga:

"Sunkuya, 'yata, ƙofar ubanki gajera ce,
reshen inabi ya riƙe miki mayafi..."

Sai tsit. Ba ƙara, ba in'ina, shiru kawai. Velko ya ƙirga a ransa har shida, sannan muryar ta dawo da amshi kamar ba abin da ya faru.

"Layi ɗaya," in ji Veska a hankali.

Ai ba sai an gaya masa wanne ba. Shi ne layin da kowace uwa a ƙauyen take jira don ta saki kukanta. Ya tambaya ko za a iya ɗauko shi daga wani wuri. Ta ce sau ɗaya ya zo a waƙar. Tana iya yanke shirun ta haɗe bakin biyu, amma sai waƙar ta yi tsalle, kuma duk macen da ke tsakar gidan za ta ji an sace mata layi. Gara a bar gurbin yadda yake, daidai tsawonsa.

"To zan yi tari a wurin," in ji Velko.

"Tarin daƙiƙa shida? Sai a kira maka motar asibiti."

"Spas zai yar da tire. Na cokula. Ai shi ya jawo rabin abin."

Veska ta girgiza kai, ta juye waƙoƙin a ɗan filashi da sabon faifai har biyu, sannan ta aika wa kanta ta waya don ta ce ba ta yarda da shi ba kuma. Da ya sa hannu a aljihu ta daka masa tsawa ta ce ya bar mata akwatin cerin ya kama gabansa, kuma ranar Lahadi ita za ta danna maɓallin da kanta.

Ranar Juma'a da Asabar, yayin da mata suke naɗa ganyen inabi da nama suna gasa barkono, Velko da Spas suna rumbu suna gwaji. Velko ya rera layin reshen inabi da muryarsa ta tsohuwar ƙofa, ya yi tari, Spas ya saki tire. Sau goma sha biyu suka yi, har kajin Spas suka daina yin ƙwai.

Lahadi ta zo da rana mai kyau. Tun ƙarfe tara tsakar gidan ta cika, har kan shinge. Dangin ango sun iso da mai ganga da mai sarewa, an yi ta cinikin wasa a bakin ƙofa, an ɓoye takalmin amarya an nemo shi. A ƙarƙashin rumfar inabi mata sun yi sahu biyu, daga 'yan shekara ashirin da wani abu har masu sanda, kuma in ka cire baƙi, babu wadda ba Neda ce ta fitar da ita ba. Veska ta ɗora lasifika a kan taga. Spas yana gefe da tiren cokula, ya sha farar riga har maɓallan suna neman tsira.

Neda ta tsaya a gefen ƙofa cikin shuɗiyar riga, da ƙaramar butar tagulla a hannu, cike da ruwan da za ta zuba a gaban ƙafar amarya don tafiyarta ta yi santsi. Masu kiɗa suka yi shiru. Velko ya fito daga ɗaki riƙe da hannun Ralitsa. Veska ta danna.

Wayyo, zo ka ga mata. Tun a kalmar farko wasu suka dafe ƙirji, wasu suka kama hannun na kusa da su. Murya ce da suka binne shekara bakwai, yau ga ta a tsakar gida tana haurawa sama ta kan rumfa. Ralitsa ta matse hannun ubanta har ya ji zafi. Neda ta rufe ido, leɓɓanta suna bin waƙar, kamar yadda takan yi in tana wanke-wanke tana zaton babu mai kallonta.

Baiti na farko. Na biyu. Suna takawa a hankali, suka iso ƙaramar ƙofar. Ralitsa ta sunkuya. Velko ya waiga ya nemi Spas da ido, sai ya gan shi baki a buɗe, yana sharɓar kuka kamar ɗan maraƙi, ya rungume tiren a ƙirji. Shi ke nan, an rasa Spas.

"...reshen inabi ya riƙe miki mayafi..."

Velko ya ja numfashi zai yi tari. Tarin ya ƙi fitowa. Shirun ya sauko a kan mutum ɗari da hamsin, babu mai motsi, ko jaririn da ke goye bai yi ƙus ba.

A cikin shirun nan aka ji ta. Raɗa ce, mai kaushi, siririya, amma a kan kari take daram, ko kaɗan ba ta kauce ba. Neda, ido a rufe, ba ta ma san muryar faifan ta ɗauke ta bar ta ita kaɗai ba, tana ci gaba da abinta:

"Sake ta, reshe, tafiya za ta yi, ba ɓata ba."

Kowa ya ji, har na kan shinge. Ta ja kalmar ƙarshe daidai tsawonta, kuma a daidai inda ta sauke ta faifan ya dawo da amshi. Amma babu wanda ya ji faifan kuma, don matan nan duka sun ɗauka da baki ɗaya, suna kuka suna dariya suna rerawa. Neda ta buɗe ido a firgice ta ga duk ita ake kallo. Ralitsa ta saki hannun ubanta ta faɗa jikin uwarta, mayafi da kwalliya da komai.

"Mama, ke kika fitar da ni. Da bakinki!"

A lokacin ne Spas ya tuna da aikinsa, ya saki tiren.

Cokula suka watse a kan siminti, kare ya yi haushi, mai ganga ya zaci alama ce aka ba shi ya narka duka. Neda tana dariya marar sauti, kafaɗunta suna rawa, ta tuntsurar da butar a gaban ƙafar 'yarta. Ralitsa ta taka ruwan da ƙafar dama ta fita, jama'a suka bi ta da rawa har titi.

Tsakar gidan ta rage Velko da Neda, sai Spas can yana tsintar cokula. Velko ya tsaya yana murza hularsa. Farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, ga kuma kunya. Ya buɗe baki zai fara bayani, Neda ta jawo kunnensa zuwa bakinta, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

"Bishiyar kusa da rijiya," in ji ta. "Matar Spas ta gaya min tun ranar Alhamis da rana. Har da makilin."

"Kin sani? Kwana uku? To me ya sa ba ki yi min faɗa ba, tsohuwa?"

"Da wace murya?"

Ya fashe da dariya, hawaye suna zuba. Ta ciro hankicin nan da faifan ya kwana a ciki shekara da shekaru, ta share masa gashin baki, ta gyara masa kwalar riga. Daga titi ana ta kiran iyayen amarya su fito. Ta saƙala hannunta a nasa, amma kafin su taka ta sake jawo kunnen.

"Shekara bakwai ban samu an yi min shiru na yi waƙa ba, sai yau. Kada ka bari Veska ta cike gurbin nan. Jikar Spas za ta yi aure a watan Satumba, kuma ni zan cike mata shi."